Na ga abin da ɗan kawuna ya kwafa a kwamfutar ofis: in faɗa ko in yi shiru?

Assalamu alaikum Baba. Ina aiki a maktab ɗin kawuna a Jidda. Wan mahaifiyata ne, shi ya ɗauko ni daga gida ya yi mini igama. Kargo muke yi, muna tura wa alhazai da 'yan kasuwa kayansu Kano da Yamai. Kwamfuta ɗaya ce a ofis, ni nake kanta da rana, ɗan Kawu wanda ya girme ni, Yaya nake ce masa, yana kanta da dare. Watan jiya Kawu ya ce in turo masa IBAN, wato lambar asusun banki, na mai motar da ke kwaso mana kaya daga Makka. Na kwafa daga Excel na liƙa a WhatsApp, ya tura riyal 2,400. Ashe na wani mai dabino a Madina na liƙa, wanda na kwafa jim kaɗan kafin nan. Kawu ya gaya mini magana a gaban mutane, yanzu yana cirewa a albashina. Mai dabinon ya ce zai mayar, har yau shiru. Sai wani abokina ya nuna mini in danna maɓallin Windows da V, duk abin da na kwafa a baya ya fito in zaɓa. Na kunna ban gaya wa kowa ba. Ranar Lahadi da safe na danna, sai ga abubuwan da aka kwafa cikin dare. Akwai lambar sirrin Absher, manhajar hukuma ta harkokin igama da tafiye-tafiye, ta wata hajiya da muke hulɗa da ita, akwai kuma saƙo mai cewa a tura kuɗin awo a wani IBAN da ba na maktab ba, sunan Yaya a ƙasa. Na ɗauki hoto da wayata. Tun ranar ba na barci. In na faɗa za a ce na zo raba ɗa da uba, ga shi igamata a hannunsu take. In na yi shiru kuɗi suka ɓata ni za a nuna, tunda na riga na yi suna. Yanzu kullum da safe sai na duba. Don Allah me zan yi?

Ɗanku a Jidda

Wa alaikumus salam ɗana. Jimlar da ta fi tsaya mini a wasiƙarka ita ce ta kusa da ƙarshe, inda ka ce kullum da safe sai ka duba. Wannan ka bar shi daga yau. Ranar farko ba nema ka je ba, aikinka ka zauna yi idonka ya faɗa kan abin da ya faɗa, babu laifi a kanka. Amma wanda ya dawo washegari da niyyar ya ga me ɗan'uwansa ya kwafa cikin dare, ya taka abin da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana, ayar da ta fara da zato kafin ta zo kan bin diddigin mutane. Rabin rashin barcin nan naka daga leƙen nan yake fitowa.

Ban ce ka yi kamar ba ka ga komai ba, za mu zo wurin. Sai dai na lura kana riƙe da abin da ka gani a matsayin shaida, alhali bai kai ba, kuma ba za ka gane dalili ba sai ka san yadda abin yake aiki.

Mu fara da kuskurenka, tunda shi ya kai ka ga maɓallin. Tun da Larry Tesler da Tim Mott suka fito da kwafa da liƙawa a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Kalifoniya cikin shekarun 1970, wurin da kwamfuta ke riƙe abin da aka kwafa gurbi ɗaya gare shi. Kamar tafin hannu yake: in ka damƙi sabo na da ya faɗi, in kuma damƙar ba ta kama ba, na da ɗin yana nan a hannu. Abin da ya same ka ke nan. Ka danna Ctrl da C, ko dai yatsa ya goce ko kuma ba tagar Excel ce a gaba ba a lokacin, kwamfuta kuwa ba ta ce maka uffan ba. Da ka je WhatsApp ka danna Ctrl da V, sai ta miƙo maka abin da take riƙe da shi, na mai dabino.

IBAN na Saudiyya harafi da lamba 24 ne: SA a farko, lamba 2 na tantancewa, 2 na banki, 18 na asusu. Biyun nan na tantancewa aikinsu kama kuskuren rubutu. Da hannu ka rubuta ka sauya lamba ɗaya, da banki ya ƙi karɓa. Kai kuwa IBAN lafiyayye ka liƙa, na wani mutum ne kawai, babu lissafin da zai gane ba shi ake nufi ba. Ido ma in ya ga SA da dogon layin lambobi sai ya gamsu, duk kamarsu ɗaya. Ga shi kuɗin bai kai riyal 2,500 ba, wato ya faɗa cikin abin da tsarin tura kuɗi na Sarie, wanda aka buɗe a 2021, yake bari a tura nan take ba sai an tsaya rajistar mai karɓa ba. Na zayyana maka wannan ne don ka daina kiran kanka wanda ya yi suna. Kuskure ne, naka ne, kuma babu ofishin da ke aiki da kwamfuta da ba a yin irinsa. Hannun da ya danna tura ma bai tsaya ya duba ba, amma wannan ka bar shi a cikinka, ba maganar da za ka faɗa wa wan mahaifiyarka ba ce.

Abin da abokinka ya nuna maka, Microsoft ta saka shi a Windows 10 a sabuntawar Oktoba ta 2018, yana nan kuma a Windows 11. A kashe yake zuwa, sai mutum ya kunna da kansa. Da an kunna, maimakon gurbi ɗaya sai ya riƙe abu 25 na baya-bayan nan, rubutu da hoto, muddin kowanne bai wuce megabait 4 ba. Na 26 na shigowa, mafi tsufa ya fita. Har hoton allo da ake ɗauka da Windows, Shift da S yana shiga ciki. Ka san yadda yake fitowa, 'yar taga kusa da inda kake rubutu, kowane abu a katinsa, sabo a sama, da alamar fil a gefe. Wanda aka kafe da fil ɗin yana zama ko an kashe kwamfuta, sauran kuwa da an sake tayar da ita sun tafi. Tunda ka iske na dare da safe, ba a kashe kwamfutarku ke nan, allon ne kawai yake yin duhu.

To yanzu ka tuna katin da ka gani. Akwai sunan wanda ya kwafa a jikinsa? Akwai lokaci? Ya nuna daga ina aka ɗauko saƙon, ko wa aka tura wa, ko ma an tura ɗin? Ko ɗaya babu. Abin da katin ya tabbatar shi ne cewa wannan rubutu ya bi ta kwamfutar, iyakarsa ke nan. Mai yiwuwa Kawu ne ya ce a karɓi wani kuɗi ta asusun ɗansa. Mai yiwuwa Yayanka yana da 'yar harkarsa ta gefe wadda mahaifinsa ya sani, kai ne ba ka sani ba, don mutanenmu da yawa a nan suna yi wa na gida sayayyar abaya da turare suna ɗora nasu awon. Mai yiwuwa wani ne ya zauna a kujerar. Akwai ma wata hanya da mutane ba su cika sani ba: in an buɗe daidaitawa tsakanin na'urori, rubutun da aka kwafa a wata kwamfuta da ke kan asusun Microsoft guda yana iya bayyana a taku. Ba wanke shi nake yi ba. Abin da kake tsoro yana iya zama shi ne gaskiya, ɗa yana taɓa kuɗin ubansa ba yau aka fara ba. Amma in ka shiga wurin Kawu da katin nan ka ce ga sata, tambaya biyu za ta kayar da kai, kuma ko daga baya ta tabbata, kai an riga an gama da kai.

Shaida tana wani wuri dabam. Tana cikin littafin rasit, da kilon da sikeli ya nuna, da takardar bayanin asusu ta banki. Jaka nawa aka auna ranar Asabar da dare, kilo nawa, riyal nawa ya kamata ya shigo, nawa ya shigo. In waɗannan sun hau kan juna babu magana. In ba su hau ba, ba sai ka buɗe baki ka zargi kowa ba.

Kafin a kai nan, akwai bashin da ke wuyanka. Ka kunna abin da ke ajiye duk abin da mutum biyu suka kwafa, ɗayan bai sani ba. Niyyarka kyakkyawa ce, amma Yayanka yana zaune da dare yana zaton abin da ya kwafa ya wuce, alhali yana nan yana jiranka da safe. Dole su sani, shi da Kawu. Kuma ina ganin shi za ka fara samu, shi kaɗai, don in a gaban mahaifinsa ya fara ji, zai ɗauka tarko ka haƙa masa, ko da kuwa hannunsa fes yake.

Kada ku yi maganar a ofis, kada kuma ta WhatsApp. Ka jira bayan Isha, ka ce ya zo ku sha shayi. Taubashinka ne, na san akwai wasa tsakaninku, amma ranar ka ajiye wasan, don in ka shigo da ita cikin raha zai fita da ita cikin raha, ka tashi ba ka san komai ba. Ka fara da naka laifin. Ka ce masa: "Yaya, akwai abin da na kunna a kwamfuta bayan kuskuren nan nawa, ban gaya maka ba, ka yafe ni. Yana ajiye abin da aka kwafa. Ranar Lahadi da na danna na ga saƙo da IBAN ɗinka a kan kuɗin awo, na kuma ga lambar sirrin Hajiya. Ban faɗa wa kowa ba. Ni dai tsoro nake ji, in lissafi bai cika ba ni za a kama. Kawu ya san da shi?" Kana gamawa ka yi shiru. Kada ka cika masa shirun da bayani, kada ka nemo masa uzuri da bakinka, kada kuma ka fito da hoton. Hoton nan yana fitowa daga aljihunka tambaya ta koma barazana.

In ya ce Kawu ya sani, sai ka ce madalla, gobe ku faɗa a gabansa don ka san yadda za ka riƙa rubuta irin wannan kuɗi a littafi. Wannan ba dabara ba ce, kai ke rubuta lissafin rana, haƙƙinka ne ka sani. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Ko da izinin Kawu ne ma, sai ka tuna musu cikin ladabi cewa dokar tasattur ta 2020, mai hana baƙo fakewa da sunan ɗan ƙasa ya yi kasuwanci, ta lissafa amfani da asusun banki da ba na kamfani ba wajen harkar kamfani cikin abubuwan da ake hukuntawa, bankuna kuma suna sa ido a kan asusun mutum ɗaya da kuɗin mutane da yawa ke zuba a ciki.

In kuwa ya sunkuyar da kai ya ce matsuwa ce, ya ɗan ara zai mayar, a nan ne za a gwada ka. Zai roƙe ka ka rufa masa asiri, mai yiwuwa ya ce ka rantse. Kada ka rantse. Rufin asiri abu ne mai kyau kuma ka yi masa shi, kada abokinka ya ji, kada 'yan ofis su ji. Amma mai kuɗin ba ya cikin waɗanda ake ɓoye wa. Ka ce masa ka ba shi zuwa ƙarshen wata ya mayar, ya kuma gaya wa mahaifinsa da bakinsa, in yana so ka raka shi. Ka faɗa masa a fili cewa in ranar ta wuce bai yi ba, kai za ka yi. Uba yana iya haɗiye abin da ɗansa ya zo ya faɗa masa da kansa. Abin da ba ya haɗiyewa shi ne ya gano an haɗa kai a gidansa an mayar da shi bare a kan dukiyarsa, kuma a ranar da ya gano, ɗan 'yar'uwa ne zai fi shan zafin, ba ɗan cikinsa ba.

In ya tashi da faɗa, ya ce wa ya aike ka, ya taɓo maganar igama, kada ka rama. Ka biya kuɗin shayi ka tafi. Washegari ka sami Kawu shi kaɗai, ka gaya masa abin da ka kunna, abin da ka gani, da abin da ganin naka ba ya tabbatarwa. Ka ce masa kai ba ka ce an ci ko sisi ba, roƙonka a haɗa rasit da takardar banki. Sannan ka ja bakinka. Sauran tsakanin ɗa da uba ne.

Tsoronka game da igama ban raina shi ba, duk wanda ya zauna ƙarƙashin kafili ya san nauyinsa. Amma ka sani tun 14 ga Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya neman canjin wurin aiki ta Qiwa, shafin intanet na Ma'aikatar Ƙwadago, bayan ya cika shekara, bisa sharuɗɗa, ba sai mai gida ya sa hannu ba. In a kan maktab igamarka take, ba a kan aikin gida ba, wannan ta shafe ka. Ba fata nake ta kai nan ba. Ina so ne ka shiga maganar nan gwiwarka ba ta rawa, don mutumin da ya cika da tsoro ko dai ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana, ko ya faɗi fiye da abin da ya sani.

Kowace hanya maganar ta bi, Kawu zai ji labarin maɓallin a makon nan. "Kawu, Allah ya ƙara girma, bayan kuskuren da na yi na kunna wani abu don kada in sake. Yana riƙe abu 25 na ƙarshe da aka kwafa, duk wanda ya zauna zai iya gani. Ga yadda ake dubawa, ga yadda ake sharewa." Ka ɗora da roƙon a riƙa haɗa lissafi duk ranar Alhamis kafin a tashi. Kai ne wanda aka yi wa faɗa a kan kuɗi, babu wanda zai yi mamaki in kai ka nemi haka.

Yanzu maganar Hajiya, wadda ka ambata a wuce, ni kuwa ita ta fi tayar mini da hankali. Kuɗin awo in ya ɓata ana biya. Matar nan kuwa tana can gidanta ba ta san mabuɗin Absher ɗinta yana kwance a kwamfutar da kowa ke zama a kai ba, yanzu kuma ga shi a wayarka. Ba na zaton mugun nufi a nan. Duk mun san yadda ake yi: dattijuwa ta zo aika kaya, ta ga yaro a gaban kwamfuta, ta ce ɗan nan duba mini igamata yaushe za ta ƙare, ta miƙa waya, ko ta turo lambar sirrin ta WhatsApp. Shi kuma don sauri sai ya kwafa ya liƙa. Amma Absher ƙofar Ma'aikatar Cikin Gida ce, igamar mutum da tafiyarsa da iyalinsa duk ta nan ake taɓa su. Gaskiya ne akwai lambar da ake turowa waya kafin a shiga, sai dai wadda ta ba da lambar sirri da hannunta, in aka kira ta aka ce karanto mana abin da ya shigo, karantowa za ta yi.

Don haka hoton nan ka goge shi yau, ka bi shi har kwandon hotunan da aka goge, in wayarka tana ɗora hotuna a intanet ka cire shi a can ma. Ba ya tabbatar da komai a kan Yayanka, amma yana tabbatar da cewa sirrin wata mata yana aljihunka ba da saninta ba. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara ɗaya da tara har riyal 500,000 ga mai leƙen bayanan da ke bi ta kwamfuta ba da izini ba. Dokar kare bayanan mutane kuma ta fara aiki ranar 14 ga Satumba 2023, aka ba kamfanoni shekara guda su shirya, tararta tana kaiwa riyal miliyan 5, hukumar bayanai ta Saudiyya, SDAIA, ce ke kula da ita. Ban ce abin da ka yi ya faɗa ƙarƙashinsu ba, amma baƙo mai igama ba ya yawo kusa da irin wannan. Ofishinku kuma cike yake da lambobin fasfo da na igama da na wayar mutane, ya kamata Kawu ya san dokar ta shafe shi.

Ita Hajiya a kira ta a ce ta canza lambar sirrinta. Ba sai an ba ta dogon labari ba: an taɓa shigar da ita a kwamfutar ofis, mutane da yawa ke amfani da kwamfutar, gara ta sauya. In Yayanka ya yi kiran ya fi kyau, tunda shi ta ba. Daga yanzu duk wanda ya zo neman irin wannan taimako, ya shigar da lambarsa da hannunsa a wayarsa, ku nuna masa inda zai danna.

Kada wannan ya sa ka kashe maɓallin. Abu ne mai amfani, kuma da yana kunne ranar mai dabino ka danna Windows da V maimakon Ctrl da V, da ka ga katin da ke sama ba na mai mota ba ne. Abin da ya kamata a gyara shi ne zaman mutum biyu a kan suna ɗaya. A buɗe wa kowa asusunsa na shiga Windows da lambar sirrinsa, aikin minti kaɗan ne, kuma kowane asusu da nasa tarihin kwafin, ba ka ganin nasa ba ya ganin naka. In za ka tashi ko salla ce, ka danna Windows da L ta kulle. In ka gama aikin rana ka buɗe tagar ka danna share duka, ka tuna wanda aka kafe da fil ba ya tafiya sai ka cire fil ɗin. Ka shiga Settings, daga nan System, daga nan Clipboard, in Windows ɗinku na Larabci ne Hafiza za ka nema, ka tabbatar daidaitawa tsakanin na'urori a kashe take. Abin kafewa da fil shi ne wanda ba ka damu kowa ya gani ba kuma kake rubutawa sau goma a yini: IBAN ɗin maktab, adireshin sito, farashin kilo. Lambar sirri, ko lambar katin banki, ko hoton fasfon wani, waɗannan ba a kafe su, in ma sun shiga a goge katinsu nan take.

Duk IBAN ɗin da za ka tura, ka haɗa shi da sunan mai shi da sunan bankinsa a saƙo ɗaya, ka kuma karanta lamba huɗu na ƙarshe da baki kana duban asalin. Sauri kan haifi nawa, daƙiƙa biyar ne. Wannan ɗabi'a tana kuma kare ka daga wata cutar kwamfuta da ke zaune tana jiran a kwafi lambar asusu ta musanya ta da ta ɓarawo. Ta fi yawa a harkar kirifto, kuma ta manhajojin sata take shigowa. In kana shakka, ka kwafi IBAN ka liƙa a Notepad ka gwada da asalin. Sai kuma Excel, wanda ke cinye sifilin farko na lambar waya, ta nan mai 05 da ta gida mai 080, yana kuma mayar da duk abin da ya wuce lamba 15 sifili. Ka mai da layin ya zama na rubutu kafin ka liƙa, kada wata rana kaya su isa Kano a rasa mai su.

Riyal 2,400 kuwa ba su mutu ba. Mai dabino sananne ne, yana hulɗa da ku, kuma ya amsa da bakinsa cewa kuɗin sun shigo. Kai yaro ne a idonsa, shi ya sa yake ja maka rai. Ka roƙi Kawu ya kira shi da kansa, ko a cire daga cinikinsu na gaba. In ya ci gaba da noƙewa, Kawu ne zai shigar da ƙorafi a bankinsa tunda daga asusunsa kuɗin suka fita, in banki bai yi komai ba akwai sashen ƙorafi na Babban Bankin Saudiyya. Cirewar da ake yi maka, dokar ƙwadago ba ta yarda ta wuce rabin albashi ba sai da hukuncin kotu. Ka san wannan a ranka, amma kada ka karanta wa Kawu doka. Ka roƙe shi a raba maka a watanni, a kuma rubuta a littafi cewa ranar da mai dabino ya mayar, abin da aka cire zai dawo hannunka. Maganar da ya gaya maka a gaban mutane na san ta fi kuɗin ciwo. Wata rana in ransa ya yi sanyi kana iya ce masa, kai kaɗai, in ka yi laifi ya kira ka ciki ya yi maka faɗa kamar ɗansa. Ba yanzu ba, sai wannan ƙurar ta kwanta.

Mahaifiyarka kada ta ji komai tukuna. Na san in ka kira gida tana jin muryarka za ta ce me ya faru, kai ma bakinka zai yi ƙaiƙayi. In ka gaya mata, kafin gari ya waye ta kira wanta, maganar da za ta ƙare a teburin shayi ta zama ta dangi daga Jidda har gida, kowa ya ɗauki ɓangare a kan katin da bai nuna ko sunan wanda ya kwafa ba. Ka ce mata aiki ne ya yi yawa, ta sa ka a addu'a. In an haɗa lissafin Alhamis ta farko, ka rubuto mini abin da rasit da banki suka nuna, da abin da Yayanka ya ce, sai mu ga ko akwai abin da za a gaya mata.